Ɗiyar shugaba da baitulmalin ƙasa: darasin Isabel dos Santos

A ranar 21 ga watan Nuwamban 2024 gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba wa Isabel dos Santos takunkumi, ta hana ta shiga ƙasar, ta kuma hana ta taɓa duk wata kadara tata da ke can. Landan ɗin da aka rufe mata ƙofarsa shi ne birnin da ta yi karatun jami'a, inda ta daɗe tana shiga da fita kamar gidansu. Shekaru goma sha ɗaya kafin nan, a farkon 2013, mujallar Forbes ta bayyana ta a matsayin mace ta farko a Afirka da dukiyarta ta kai dalar Amurka miliyar ɗaya. A tsakanin waɗannan lokuta biyu ilminta bai ragu ba, wayonta na kasuwanci ma bai ragu ba. Abin da ya sauya shi ne mahaifinta, José Eduardo dos Santos, ya sauka daga mulkin Angola bayan shekaru 38.

Duk mai bin shafukan TikTok da Instagram ya san yadda matasa ke bibiyar 'ya'yan shugabanni. Hoton biki ɗaya ko na mota ɗaya ya isa ya raba jama'a gida biyu, wasu na roƙon Allah ya kai su wannan matsayi, wasu na zagi har da iyaye da kakanni. Duka ɓangarorin biyu sutura suke kallo. Ɗiyar shugaban ƙasa mutum ce kamar kowa, tana da 'yancin karatu da aure da neman na kanta da sirrin gidanta, domin ba ita ta tsaya takara ba, ba ita kuma ta yi rantsuwar kama aiki ba. Amma akwai iyakar da in aka ƙetare ta rayuwarta ke zama maganar jama'a, wato ranar da sa hannun mahaifinta, ko tsoron mahaifinta, ya shiga cikin cinikinta. Labarin Isabel ya nuna inda wannan iyaka take. Ya kuma nuna cewa ƙetare ta na cutar da ƙasa tukuna, daga baya ya dawo kan ɗiyar ita kanta.

An haifi Isabel a 1973 a birnin Baku na Azarbaijan, wadda a lokacin ke cikin Tarayyar Sobiyet. Mahaifinta ya je can karatun injiniyan man fetur, ya auri mahaifiyarta 'yar Rasha. Angola ta samu 'yanci daga Fotugal a ranar 11 ga Nuwamban 1975, ta faɗa yaƙin basasa nan take. A watan Satumban 1979, bayan rasuwar shugaba na farko Agostinho Neto, jam'iyyar MPLA ta ɗora dos Santos kan kujera, Isabel na da shekara shida. Yaƙin bai ƙare ba sai a 2002, bayan kashe madugun UNITA Jonas Savimbi. Yayin da sa'o'inta ke tasowa a sansanonin gudun hijira da gonakin da aka binne wa nakiyoyi, ita tana Landan tana karatun injiniyan lantarki a King's College. Wannan kaɗai ba laifinta ba ne, yaro ba ya zaɓen gidan da za a haife shi.

Magana ta fara ne bayan dawowarta gida. A 1997, tana da shekara 24, ta shiga harkar wani gidan abinci da shaƙatawa mai suna Miami Beach a tsibirin Luanda. Bayan 'yan shekaru sai ga ta da kashi 25 cikin ɗari na Unitel, kamfanin wayar salula da gwamnatin mahaifinta ta ba lasisi, wanda ya zama mafi girma a ƙasar. Sauran masu hannun jari a ciki sun haɗa da kamfanin man fetur na ƙasa, Sonangol, da wani kamfanin Fotugal, da kuma kamfanin wani janar na kusa da fadar shugaban. Daga waya ta shiga banki, da siminti, da talabijin, da manyan kantuna, da lu'ulu'u. A wata hira da jaridar Financial Times a 2013 ta ce tun tana 'yar shekara shida take sayar da ƙwai, don a gane cewa kasuwanci a jininta yake. 'Yan Angola sun daɗe suna yi wa wannan magana ba'a, sun kuma riga sun raɗa mata suna: Gimbiya.

Cinikin da ya fi bayyana yadda abin ke tafiya shi ne na hannun jarin Galp, babban kamfanin makamashi na Fotugal. Sonangol na da rabo a cikinsa ta hanyar wani kamfani da aka yi wa rajista a Holand. A 2006 Sonangol ya sayar da kashi 40 cikin ɗari na wannan kamfani ga wani kamfanin mijin Isabel, Sindika Dokolo, a kan kuɗin Turai yuro miliyan 75, kimanin sefa miliyar 49. Kashi 15 cikin ɗari kawai aka biya a hannu. Sauran ya zama bashin da shi kansa mai sayarwar ya ɗaga wa mai saye ƙafa a kai har tsawon shekaru, yayin da darajar hannun jarin ta yi ta ninkuwa. Ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. An ba mutum kaya, an ba shi bashin kuɗin kayan, riba kuma tasa ce. Tambaya ɗaya ce ta rage: da wani ɗan Angola ne daban ya zo da wannan buƙata, za a yi masa haka? A watan Yulin 2021 wata kotun sasanta rikicin kasuwanci a Holand ta soke cinikin, ta ce an gina shi ba bisa doka ba, ta umarci a mayar wa Sonangol hannun jarinsa.

Haka aka yi da lu'ulu'u. A 2012 kamfanin gwamnati mai sayar da lu'ulu'un ƙasar, Sodiam, ya haɗa gwiwa da Dokolo suka sayi De Grisogono, wani kamfanin kayan ƙawa na ƙasar Suwizalan da ke shirya manyan liyafofi a bikin finafinai na Cannes. Takardun da suka fito daga baya sun nuna cewa kusan duk kuɗin daga ɓangaren gwamnati suka fito, Sodiam kuma rance ya ci daga wani banki da Isabel ke da babban rabo a ciki, shugaban ƙasa ya tsaya wa bashin da dokar da ya sa wa hannu. De Grisogono ya karye a watan Janairun 2020, bashi ya rage a wuyan ƙasa. A cikin ciniki ɗaya uba ya sa hannu, miji ya riƙe kamfani, ɗiya kuma na cikin masu cin ruwan bashin.

Ya kamata a duba halin da ƙasar ke ciki a waɗannan shekaru. Angola ce ta biyu a haƙar man fetur a Afirka kudu da Sahara, bayan Najeriya. A ƙarshen 2011 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya gano giɓin dalar Amurka miliyar 32 a lissafin kuɗaɗen gwamnati na tsakanin 2007 da 2010, aka kuma danganta mafi yawansa da kashe-kashen da Sonangol ke yi a madadin gwamnati ba tare da sun bi ta kasafi ba. Luanda ta sha zama birni mafi tsada a duniya ga ma'aikata baƙi, alhali akasarin mazaunanta na unguwannin da babu ruwan famfo. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 ya sa Angola a kan gaba a duniya wajen mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Da farashin mai ya faɗi, aka rage kuɗin kwasar shara a babban birnin, zazzaɓin shawara ya ɓarke a ƙarshen 2015, ya kashe sama da mutum 300 kafin a shawo kansa. Matan da ke talla a titunan Luanda, waɗanda ake kira zungueira, su ne ainihin masu sayar da ƙwai da tumatir na ƙasar, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2013 kan yadda 'yan sanda ke dukansu suna ƙwace masu kaya.

Matasan da suka buɗe baki sun ɗanɗana kuɗarsu. A watan Yunin 2015 aka kama wasu samari a Luanda suna zaune suna nazarin wani littafi kan gwagwarmayar lumana. Shari'arsu ta shahara da sunan 15+2, a cikinsu har da mawaƙi Luaty Beirão wanda ya yi yajin cin abinci na kwana 36. A watan Disamban wannan shekara, ana tsaka da shari'arsu, Unitel ya gayyato mawaƙiyar Amurka Nicki Minaj ta yi wasan Kirsimeti a Luanda, ta ɗauki hoto da Isabel ta wallafa tana yabonta a matsayin abin koyi ga mata. A watan Maris na 2016 kotu ta yanke wa matasan hukuncin ɗauri. Hoton ya zagaya duniya fiye da labarin hukuncin, kuma irin wannan hoto ne matashi ke gani a wayarsa ya yi sha'awa. Ɗan jarida Rafael Marques de Morais, wanda ya yi shekaru yana bin diddigin dukiyar gidan, an tsare shi tun 1999, an kuma sha gurfanar da shi a kotu.

A watan Yunin 2016 shugaban ya cire duk wani lulluɓi, ya naɗa ɗiyarsa shugabar Sonangol, kamfanin da kusan duk kuɗin shigar ƙasar daga waje ke bi ta hannunsa. Ƙanenta José Filomeno na riƙe da asusun ajiyar rarar kuɗin mai na dalar Amurka miliyar 5 tun 2013. Wasu lauyoyi suka garzaya kotu suna cewa naɗin ya saɓa wa dokar da ta hana jami'i fifita danginsa. A watan Disamban 2016 kotun ƙoli ta ce naɗin na bisa ƙa'ida. A tsarin mulkin 2010 shugaban ƙasa ne ke naɗa alƙalan wannan kotu da babban mai gabatar da ƙara. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan hukunci a zuciya, domin zai dawo.

João Lourenço, ministan tsaron dos Santos kuma ɗan jam'iyyarsa, ya karɓi mulki a watan Satumban 2017. A ranar 15 ga Nuwamba ya sallami Isabel. Takardun da suka fito daga baya sun nuna cewa a daidai lokacin sallamar an fitar da kusan dalar Amurka miliyan 58, sama da sefa miliyar 30, daga asusun Sonangol a wani bankin Lisbon da ita ma ke da rabo a cikinsa, zuwa wani kamfani a Dubai mallakar wata ƙawarta. A ƙarshen Disamban 2019 wata kotun Luanda ta hana ta taɓa kadarorinta, gwamnati na neman sama da dalar Amurka miliyar ɗaya. A watan Janairun 2020 ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta duniya, ICIJ, ta fitar da Luanda Leaks, takardu sama da 715,000 da suka nuna kamfanoni fiye da 400 a ƙasashe 41 masu alaƙa da ita da mijinta. Fotugal ta rufe asusunta, Forbes ta cire ta daga jerin attajirai a 2021, Amurka ta hana ta biza a ƙarshen wannan shekara, Angola ta ƙwace rabonta na Unitel a 2022.

Adalci ya wajabta a ji ta bakinta. Isabel ta musanta dukkan zarge-zargen. Ta ce kamfanoninta sun samar wa dubban 'yan Angola aiki, ta ce kuɗin da aka tura Dubai na ayyukan da aka riga aka yi ne wajen gyara Sonangol, ta ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ake yi mata, kuma ba za ta samu shari'ar gaskiya a Luanda ba. Wani ɓangare na wannan ƙorafi na da tushe. Manuel Vicente, wanda ya shugabanci Sonangol daga 1999 zuwa 2012, wato har da lokacin cinikin Galp, an tuhume shi da ba da cin hanci a Fotugal, amma gwamnatin Lourenço ta matsa har aka mayar da shari'arsa Angola a 2018, aka yi shekaru ba a ga ya tsaya gaban alƙali ba. Yaƙi da cin hanci da ke zaɓen waɗanda zai kama ba ya gyara ƙasa, sabbin masu ci kawai yake kawowa.

Sai dai kotunan da Isabel ke cewa 'yan amshin shatan fadar shugaban ƙasa ne, su ne kotunan da mahaifinta ya yi shekaru 38 yana ginawa a haka. Kotun da ta wanke naɗinta a 2016 saboda mai mulki na so, ita ce ke iya ɗaure ta yau saboda mai mulki na so. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Uban da ya karya alƙali da ɗan jarida da mai binciken kuɗi don ya buɗe wa ɗiyarsa hanya, ya rusa katangar da za ta fake a bayanta ranar da ba ya nan. Gadon da ya fi yi mata amfani shi ne ƙasar da doka ke aiki a cikinta, kuma shi ne bai bar mata ba.

Abin da ya biyo baya ba rayuwar da za a yi wa hassada ba ce. Mijinta ya rasu a watan Oktoban 2020 yana ninƙaya a tekun Dubai. Ƙanenta José Filomeno ya sha ɗauri da shari'a kan dalar Amurka miliyan 500, kafin kotun tsarin mulki ta soke hukuncin a 2024. Mahaifinsu ya rasu a wani asibitin Barcelona a ranar 8 ga Yulin 2022, aka yi makonni ana jayayya a kotun Sifaniya kan inda za a binne shi. Da aka yi jana'izar a Luanda ranar 28 ga Agusta, Isabel ba ta je ba. Tana zaune a Dubai, daga can take hira da 'yan jarida tana wallafa hotuna, ƙasar da aka ce ita ce gimbiyarta kuwa ta gagare ta takawa.

Wanda zai ce wannan halin Afirka ne, ya dubi Uzbekistan. Gulnara Karimova, ɗiyar shugaba Islam Karimov, ta yi jakadanci, ta yi waƙa, ta yi harkar kayan sawa. Masu gabatar da ƙara na Amurka sun zarge ta da karɓar cin hancin sama da dalar Amurka miliyan 800 daga kamfanonin waya uku don su samu shiga kasuwar ƙasar. Kamfanonin, VimpelCom da Telia da MTS, sun biya tarar da jimillarta ta haura dalar Amurka miliyar 2.5 tsakanin 2016 da 2019. Ita kuwa tun mahaifinta na da rai, a 2014, aka yi mata ɗaurin talala, ba ta halarci jana'izarsa a 2016 ba, a 2019 aka wuce da ita kurkuku. A can ma lasisin waya ne ya zama ƙofa, domin duk abin da sai da sa hannun gwamnati ake samunsa, nan 'ya'yan fada ke fara tsayawa.

Babu ɗayansu da ta yi wannan aiki ita kaɗai. Luanda Leaks ya nuna manyan kamfanonin ba da shawara da binciken kuɗi irin su PwC da Boston Consulting Group da McKinsey sun yi wa kamfanonin Isabel ko Sonangol aiki an biya su, lauyoyi da bankuna a Lisbon da Malta da Dubai sun buɗe kamfanoni da asusu ba su yi dogon bincike ba. 'Yan ci-rani sun fi kowa sanin ɗacin wannan. Wanda ke gadi a Faransa ko tuƙi a Amurka ko ƙwadago a Libiya, in zai aika wa mahaifiyarsa jika hamsin sai ya nuna takarda, ya amsa tambayoyi, a kuma yanke masa kuɗin aikawa. Miliyoyin da suka fito daga baitulmalin ƙasa matalauciya kuwa sun wuce cikin sa'o'i. Ƙasashen da ke sanya takunkumi yau sun san ko ɗiyar wane ce tun ranar da ta fara sayen gidaje da bankuna a wurinsu, sai da uban ya sauka suka tuna da dokokinsu.

Akwai wata hanyar ɗaukar sunan uba. Samia Nkrumah ba ta cika shekara shida ba lokacin da sojoji suka kifar da mahaifinta Kwame Nkrumah a ranar 24 ga Fabrairun 1966, aka fice da ita da mahaifiyarta da 'yan'uwanta zuwa Masar. Ta girma a waje, ta yi aikin jarida, sannan ta koma Ghana ta tsaya takara a mazaɓar Jomoro a 2008, ta ci. A 2011 aka zaɓe ta shugabar jam'iyyar CPP, a 2012 jama'ar mazaɓar suka kayar da ita, ta sauka. Babu shakka sunan mahaifinta ya buɗe mata ƙofofi, amma ta kai sunan gaban masu ƙuri'a ne, waɗanda ke da ikon karɓa da ikon ƙi, kuma sun yi amfani da duka biyun. Cinikin Galp babu talakan Angola ɗaya da aka tambaya.

Dalilin da ya sa wannan labari ya shafi Nijar a bayyane yake. Tun 2011 ake haƙar mai a Agadem ana tace ganga 20,000 a rana a matatar SORAZ kusa da Damagaram. Da bututun mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Sèmè na ƙasar Benin, wanda aka fara lodin jirgi daga gare shi a 2024, ƙasar ta shiga sahun masu fitar da ɗanyen mai. Ga yuraniyom a Arlit, ga zinare a Djado da Tillabéri. Duk waɗannan na tafe da lasisi, da kwangilar sufuri, da kujeru a SONIDEP da makamantansa, wato irin ƙofofin da aka bi a Angola. An ga muhawarar da ta tashi lokacin da Sani Mahamadou Issoufou, wanda aka fi sani da Abba, ɗan tsohon shugaban ƙasa, ya zama ministan man fetur a watan Afrilun 2021, duk da cewa mahaifinsa ya riga ya miƙa mulki. Magoya baya suka yi ta kawo takardun karatunsa, masu suka suka yi ta kawo sunan gidansu. Ƙasar da ke da ƙa'ida rubutacciya kan wannan batu ba ta barin jama'arta cikin irin wannan ka-ce-na-ce.

Nijar ta kuma san ɗaya fuskar, inda iyalin shugaba ke biyan bashin da ba su ci ba. A juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974 aka kashe Aïssa Diori, uwargidan shugaban ƙasa na farko, 'ya'yanta suka wayi gari babu uwa, uba na tsare. Iyalan Ibrahim Baré Maïnassara, wanda aka harbe ranar 9 ga Afrilun 1999, sai da suka kai ga kotun CEDEAO kafin a 2015 su samu hukuncin da ya amince an tauye masu haƙƙi. Bayan 26 ga Yulin 2023, Salem, ɗan Mohamed Bazoum, ya shafe sama da wata biyar a tsare tare da iyayensa kafin a sake shi a watan Janairun 2024, 'yar'uwarsa Zazia kuwa daga Faransa ta riƙa shaida wa 'yan jarida halin da suke ciki. Kowa na da ra'ayinsa kan mulkin waɗannan mutane uku. Amma ƙa'idar da ta hana a ba ɗiyar shugaba kwangila don sunan ubanta, ita ce ta hana a tsare ta ko a ci mutuncinta don sunan ubanta. Ba a iya riƙe rabin ƙa'idar a jefar da rabi.

Magungunan ba sababbi ba ne. Amurka ta yi doka a 1967 da ta hana jami'i naɗa danginsa na kusa a ma'aikatar da yake iko da ita, bayan John Kennedy ya naɗa ƙanensa ministan shari'a. Faransa ta hana ministoci da 'yan majalisa ɗaukar matansu da 'ya'yansu aiki a 2017, bayan badaƙalar François Fillon. Ƙasa mai arzikin ƙarƙashin ƙasa na buƙatar fiye da haka. Bayyana kadarori ya kamata ya haɗa da mata da 'ya'ya, a shiga da fita, a kuma wallafa shi kowa ya gani. Duk kamfanin da ya samu lasisin haƙar ma'adinai ko na waya ko babbar kwangila, a bayyana ainihin mutanen da suka mallake shi, ba sunan lauya ko aboki ba. A haramta wa iyalin mai mulki shugabancin kamfanonin gwamnati muddin yana kan kujera. Hukumomin yaƙi da cin hanci, ko HALCIA ta da ko COLDEFF ta yanzu, a auna su da ko suna iya taɓa na kusa da mai ci, domin taɓa wanda ya faɗi kowa ma na iyawa. A kuma bar 'yan jarida su yi tambaya tun mai mulki na kan mulki. Abin da Rafael Marques ya rubuta a 2013 shi ne duniya ta yi mamakinsa a 2020, bayan kuɗin sun riga sun tafi.

Sauran aikin na matasa ne, na gida da na waje. Ɗiyar shugaba da ta sa tufafin da wasu ba su so, ko ta yi aure, ko ta rabu da miji, ba ta ɗauki komai na kowa ba, yaɗa hotonta ana zagi kuma ba gwagwarmaya ba ce, musamman da yake an fi yi wa 'ya'ya mata wannan cin fuska fiye da 'yan'uwansu maza. Ƙarfin da ake ɓatawa a can ya fi amfani a kan tambayoyin da ke da amsa a takarda: wane ne ya mallaki kamfanin, yaushe aka yi masa rajista, su wa suka nemi kwangilar tare da shi, nawa aka biya kuma daga wane asusu. 'Yan Angola sun yi shekaru suna kallon liyafofin Gimbiya kafin duniya ta karanta takardunta, kuma har yau lauyoyin ƙasar na bin kotunan Lisbon da Amsterdam da Landan suna neman a dawo da abin da ya fita cikin kwana ɗaya. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Ƙasar da man fetur ɗinta bai daɗe da fara fita ba na da damar rubuta waɗannan ƙa'idoji tun kafin a san ko ɗiyar wa za su fara shafa.